Ranar da jinina ya ƙi tsayawa

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Tambuwal, aka gano ina da ciwon daji a nonon hagu. Na san da yawa daga cikin masu bibiyata a nan ba su san haka ba, don yanzu in kun gan ni a gidan biki ina rigimar a ƙara mini nama, ba za ku ce na taɓa kwanciya ba. Amma na kwanta, kwanciya mai tsawo kuwa. Ba labarin ciwon duka zan ba ku ba. Wani ɗan yanki ne daga tsakiyarsa, wanda har yau in na zauna ni kaɗai yakan dawo mini.

Likitan da ke duba ni a Sakkwato bai ɓoye mini komai ba. Ya ce ƙullutun ya yi girma, ba za a yi aiki nan take ba. Sai an fara sa mini maganin nan mai ƙarfi da ake ƙarawa ta jijiya, wanda ’yan asibiti ke kira kemo, a yi a huta a sake yi, har ƙullutun ya motse, sannan a yanke. Abin da ya fi nanata mini shi ne kada in tsallake lokacin da aka sa. In aka bar tazara mai tsawo, ciwon zai samu sararin miƙewa, ƙila har a kai inda aikin ma ba zai yi amfani ba. ’Ya’yana ƙanana ne a lokacin, autata ba a daɗe da yaye ta ba. Don haka na riƙe maganar nan da hannu biyu: in gama kemo a kan lokaci, a yi aiki, in rayu in ga girmansu.

Muna tsakiyar haka, gashi ya zube, baki ba ya jin ɗanɗanon komai, sai ƙafata ta dama ta kumbura daga gwiwa zuwa ƙasa. Ta yi nauyi, ta yi zafi, in na taka sai in ji kamar an ɗaura mini turmi. Aka yi hoton ƙafar, likita ya ce jini ne ya daskare a cikin jijiya, kuma hakan yakan samu masu irin ciwona, musamman suna kan kemo. Haɗarin shi ne gudan jinin ya ɓalle ya haura huhu. Sai ya haɗa mini da wata ’yar allura ta tsinka jini, wadda ake yi a fatar ciki kullum da safe, ana ci gaba da kemon tare da ita. Ma’aikaciyar jinya ta koya mini yadda zan yi wa kaina.

Ya kuma ja mini kunne sosai. Ya ce muddin ina kan allurar nan, jinina ba zai riƙa tsayawa da wuri ba, ga shi kemon ma yana rage masa ƙarfi. In kiyayi wuƙa da reza, kada a cire mini haƙori, kada in sha maganin ciwon jiki na kanti ba da saninsa ba. Ni kuwa ɗaliba ce mai jin magana. Na daina yanka albasa, na daina yanke farce da reza, har asuwaki na ajiye don kada dasashi ya fashe. Maigidana ya riƙa tsokanata, wai na zama ƙwai a gidan.

A wajenmu mace in ciwo ya yi tsanani, gidan iyaye ake kai ta jinya. Mahaifiyata tana wani ƙauye a bayan Kebbe, a gidan da mahaifina ya bari, gidan malamai ne tun kakanni. Ta yi ta aiko ƙanena, wanda ke aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, cewa a kawo mata ni. Da aka gama wani zagaye na kemo, ina da ɗan hutu kafin na gaba, sai maigidana ya kai ni, da jakar allurata da komai. Damina ce ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai.

Ya kamata in faɗa muku wace ce mahaifiyata a wurina. Ni ce ’yar farinta, kuma ita mutuniyar da ce, mai tsananin alkunya. Ba ta taɓa kiran sunana ba, “ke wagga” take ce mini. A hannun kakata na girma, ita ta goye ni. Son da Inna ke yi mini ba a baki yake ba, a aiki yake: ta dama fura ta aiko, ta saƙa faifai ta aiko, in na haihu ta zo ta yi mini wankan jego ba tare da ta haɗa ido da ni ba. To wannan ciwo ya ƙwace mata duk wannan. Ta dama fura, na sha na amayar. Ta yi ɗanwake, ƙamshinsa kawai ya kore ni daga ɗaki. Ta kawo saiwoyi, na ce likita ya hana. Sai in hango ta a bakin madafi tana zaune, hannuwanta a kan cinya, mace wadda ban taɓa gani zaune haka kawai ba.

Wata safiya ina yi wa kaina allura ta shigo, ta tsaya tana kallon ƙafar.

“Ke wagga, mi likita yac ce ya samu ƙafar ga?”

Na ce, “Inna, jini na yad daskare cikin jijiya. Shi ya sa nika wagga allura, ta narkar da shi.”

Wallahi ina kallo fuskarta ta washe. Tun da na zo ban ga haka ba.

Ta ce, “Jini na yak kwanta? To ai wanga ba baƙon ciwo ba na. Wanga mun san shi. Babanki duk shekara sai an yi mai ƙaho, kuma sunna ta. A jaye mataccen jinin a zubar, allurarki ta samu sauƙin aiki.”

A nan ne nake so ku yi mini dariya, don ni ma ina yi wa kaina. Ni da nake koya wa yara darasin kiwon lafiya, ni da na yi sallama da albasa saboda tsoron wuƙa, na saurari maganar nan na ji ta zauna daram. Likita ya ce akwai gudan jini a ƙafa. Ni kuma tun ina yarinya nake ganin wanzami yana cire ƙaho ya juye baƙin jini guda-guda a ƙasa. Ashe ba ga maganin ba a bayan gida? A kaina, yanka daban, ƙaho daban. Yanka tsautsayi ne, ƙaho kuwa magani ne, da bisimilla ake fara shi. Ko sau ɗaya zuciyata ba ta haɗa askar ƙaho da rezar da aka hana ni ba. Kuma in faɗi gaskiya, na ji daɗin ganin Inna ta samu abin da za ta yi mini. Na ce to.

Kashegari da hantsi matar wanzamin gidanmu ta zo, dattijuwa ce, ita ke yi wa matan gidan malamai ƙaho tunda maza ba sa shiga. Aka shimfiɗa mini tabarma a inuwar ɗaki, na kwanta rub da ciki. Ta kafa ƙahonin a sha-raɓata, ta zuƙe, ta bari fata ta taso, ta cire, ta tsattsaga da aska, ta mayar. Ba wani zafi. Har hira muke, tana ba Inna labarin wata jikarta da ta haihu a Jabo.

Da ta cire ƙahon farko ta juye, sai hirar ta tsaya. Babu guda ko ɗaya. Jini ne ja, tsararo, kamar an jiƙa zoɓo. Ta goge wurin da tsumma, kafin ta ɗaga hannu ya sake cikowa. Ta cire sauran, duk haka. Tsagar ba ta da zurfi, ’yan ƙanana ne kamar yadda aka saba, amma kowace tana tsattsafowa ba hutawa, suna haɗuwa suna gangarowa ta diddige.

Ta ce, “Hajiya, jinin ɗiyar ga ruwa na. Tun da nika wagga sana’a ban gamu da irinai ba.”

Inna ta ce, “Danne dai, shina tsayawa.”

Ta danne. Ta barbaɗa garin maganin da take sawa, jini ya wanke shi. Aka kawo toka, ya wanke ta. Aka yaga tsohon zane aka ɗaure, ya jiƙe, aka sake wani. Ina kwance ina jin ɗumin abin yana bin ƙafata, sai a lokacin muryar likita ta dawo mini, kalma bayan kalma. Na ɗago kai na ce, “Inna, allurar ta. An ce kar wani abu shi yanke ni.”

Ta dube ni, ta dubi tabarmar. Na ga lokacin da ta gane, kuma da ina da iko da na mayar da maganar cikin bakina.

Allah ya sa ƙanena bai riga ya wuce aiki ba, yana gona a bayan gida. Mota ba ta shiga ƙauyenmu da damina, sai babur. Ni kuwa na fara ganin duhu-duhu, ba zan iya zama ni kaɗai a baya ba. Ana neman wanda zai riƙe ni, sai ga Inna ta yafa mayafi ta fito. Matar da ko ta’aziyya ba ta fita sai da rakiya, ba ta taɓa hawa babur ba a rayuwarta. Ƙanena ya ce, “Inna, ki bari a kira wani.” Ko kallonsa ba ta yi ba, ta hau. Aka sa ni a tsakiya, ta naɗe ƙafar ta ɗora a kan tata, hannu ɗaya ya matse ɗaurin, ɗayan ya zagaye ƙuguna.

Hanyar nan duk wanda ya san bayan Kebbe ya san ta: yashi, kwazazzabo, taɓo. Hankalina yana tafiya yana dawowa. Abin dariya, a cikin wannan hali wani sashe na zuciyata yana kasa kunne, yana cewa yau dai Inna za ta kira sunana, tunda mutuwa zan yi. Ina! Duk sanda kaina ya langaɓe sai in ji ta a kunnena: “Ke wagga, buɗe ido. Ke wagga, yi salati.”

A asibitin Kebbe suka ɗaure ƙafar da bandeji tamau, suka sa mini ruwa, suka ce lallai a mayar da ni wurin likitocin da suka san magungunan da nake kai. Ƙanena ya samo mota, muka bi ta Tambuwal muka ɗauki maigidana, muka wuce Sakkwato. Kafin la’asar ina kan gado, jinin ya lafa, amma wanda ya zuba ya zuba, ga shi dama ba wani jinin kirki gare ni ba. Aka ce sai an ƙara mini.

Ina jin Inna daga bakin ƙofa tana ce wa ma’aikaciyar jinya, “Ɗiyata, ku ɗebi nawa. Ni niz zubar da shi, ku ɗiba ku mayar mata.” Aka yi mata bayani da ladabi cewa shekarunta sun wuce, na ƙanena da na maigidana za a duba. Ta ce ko kaɗan ne su ɗiba. Suka ba ta haƙuri. Ta koma ta zauna a ƙasa a jikin bango, zanenta duk ya bushe da jinina, ta ƙi yarda a kawo mata wani ta sauya.

Da likitana ya zo na shirya shan faɗa. Ya saurari labarin, sannan ya ce, “Malama, na lissafa miki wuƙa da reza da haƙori, ƙaho bai zo mini a rai ba. Ni ma a gidanmu ana yi.” Ya bayyana mini cewa gudan jinin yana can cikin jijiya mai zurfi, inda ƙaho ba ya kaiwa. Wanda muke gani a ƙaho, bayan ya fito ne yake daskarewa.

Sannan ya faɗi abin da na fi tsoro. Dole a dakatar da allurar na ɗan lokaci don tsagar ta kame, kuma a wannan tsakanin gudan jinin yana iya motsawa. Kemon da ke tafe kuma ba zai yiwu a ranarsa ba, sai jinina ya dawo, sai raunukan sun warke, don jikin mai kemo ba ya iya faɗa da ƙwayar cuta. Na tambaye shi ko jinkirin zai ɓata aikin. Ya ce yana fatan a’a, amma ba zai yi mini alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba.

Kwanakin nan su ne mafi tsawo a duk jinyata. Kowace safiya sai in kai hannu in taɓa ƙullutun, in ji kamar ya ƙaru. In numfashina ya ɗan sarƙe, in ce shi ke nan, gudan ya haura. Na ji tsoro ƙwarai, kuma na ji haushin kaina. Amma ban ji haushin Inna ba, ko na ƙwayar zarra.

Ita ce ba ta yafe wa kanta ba. Da aka sallame ni muka koma gidana a Tambuwal, ta biyo mu, amma ta zama kamar baƙuwa. Tana yi wa yara wanka, tana share tsakar gida, amma ɗakina iyakarta bakin ƙofa. Ko ruwa na roƙa, sai ta ba babbar ’yata ta kawo. In ta dafa abu sai ta aiko a tambaya ko likita ya yarda da kuka, ko ya yarda da daddawa. Wannan ya fi ƙafar yi mini ciwo.

Cikin ikon Allah tsagar ta warke, aka mayar da ni kan allura, aka ci gaba da kemo. Da aka auna, ƙullutun bai ƙaru ba. Sai dai kemon ya zo da sabon salo: yatsuna suka mutu, ko maɓallin riga ba na iya sawa, balle in riƙe allura. Maigidana an mayar da shi aiki Sanyinna, sai ƙarshen mako yake dawowa. Akwai maƙwabciyata ma’aikaciyar lafiya, da na yi magana kullum za ta shigo ta yi mini, da murna ma. Sai na roƙe ta wani abu daban. Na ce ta zo sau ɗaya ta koya wa Inna, daga nan kuma ta ce aiki ya yi mata yawa.

Na kira Inna. Ta tsaya a bakin ƙofa.

Na ce, “Inna, hannuna ba shi riƙe allura. In ba a yi ta ba, jinin na komawa shi daskare. Ke za ki yi min.”

Ta ce, “Ban iya ba. Hannuna ya gama nashi aiki gare ki, kin ga abin da yay yi.”

Na ce, “To shi ke nan, sai a bar ta.”

Na juya fuska bango. Na san mahaifiyata, ba ta iya ganin aiki a ajiye. Can sai na ji ƙarar buta, tana wanke hannu.

Maƙwabciyata ta nuna mata yadda za ta tattaro fatar ciki da yatsu biyu, ta soka a miƙe, ta tura a hankali, in ta zare ta ɗan dafa auduga kaɗan ba tare da murzawa ba. Inna ta karɓi allurar. Ta yi bisimilla ta soka. Matar da ta yi shekaru tana zare ƙaya a ƙafar yara, ashe hannunta ya fi nawa sauƙi, ko ji ban yi ba.

Daga ranar ita ta riƙa yi mini, har na gama kemo, aka yi aiki, aka cire nonon, likita ya ce allurar ma ta isa haka. Yau autar tawa tana da nata ɗan. Inna kuwa ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta da rahama.

Abin da nake so mata su ɗauka a nan ba shi da yawa. In an haɗa miki maganin tsinka jini da kemo, ko ma shi kaɗai, ki faɗa wa likita duk abin da ake yi a gidanku da sunan magani, ƙaho ne, sakiya ce, tsaga ce, ko da kina ganin ba sai an faɗa ba. Ban raina ƙaho ba, yana da ranarsa, jikina ne a lokacin ba na ƙaho ba. Kuma ki zauna ki yi wa masu jinyarki bayani dalla-dalla, don wanda ke sonki ba zai iya naɗe hannu yana kallonki ba, sai ya nemo abin da ya sani ya yi miki.

Ni da Inna ba mu taɓa tayar da maganar ranar nan ba. Ba ta ce in yafe mata ba, ni ma ban ce na yafe ba, don ban ga laifin da zan yafe ba. Abin da ya rage mini shi ne safiyoyin nan. An ce mata ta dafa audugar kaɗan ta ɗaga, amma ita in ta zare allurar sai ta ɗora babban yatsanta a wurin ta zauna, idonta a kan cikina, tana jiran ta ga ko jini zai fito. Kokona yakan huce a kwano, yara su gama shiri su tafi makaranta, tana nan dafe da ni. Na san ya wuce yadda aka ce, kuma na san ba jinin da zai fito. Ban taɓa ce mata ya isa ba.